Zabbin Goggo Tasalla a Ranar Jarrabawata

Salamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Na san na yi shiru kwana biyu, har wasu sun biyo ni ta akwatin saƙo suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau nake, kunya ce ta riƙe mini hannu. Sai in buɗe waya in fara rubutu, in karanta, in goge. Yau dai na ce ko ana ha maza ha mata sai na gaya muku abin da ya faru a gonar Baba, don ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Fadima, 'yar Kamarawa ta ƙasar Isa, ina ajin ƙarshe a sashen noma na jami'armu. Wanda ke nemana da aure shi ne Malam Jibrilla, mutumin Sabon Birni, kuma malami ne a sashen namu. Dogo ne, baƙi, mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma da mudu. Tun kafin ya turo magabatansa wurin Baba ya je ya shaida wa shugaban sashe cewa yana nemana, ya roƙi a cire hannunsa daga duk wata takarda tawa. A lokacin abin ya burge ni. Ban san akwai ranar da zai yi mini ciwo ba.

Kafin zuwanmu, karatun sashen nan hadda ne. Ka haddace takardun lacca, ka juye su ranar jarrabawa, ka fito da digirin noma ko da ba ka taɓa riƙa kalme ba. Malam Jibrilla da wasu matasan malamai ne suka yi shekaru suna fafutukar a sake tsarin. Har na haddace maganarsa saboda yawan ji:

"Ka fara tambayar kanka, wanda za ka miƙa wa digiri, me kake so ya iya in an ajiye shi a bakin gona? In ka samu amsa, ka nemi yadda za ka gwada shi a kan wannan abin. Sai daga ƙarshe ka zauna ka jera darussa. Mu kuwa da can daga wutsiya muke farawa."

To mu ne 'yan gwaji na farko. A daminar ƙarshe kowane ɗalibi zai koma garinsu, ya yanki gona, ya gwada abu ɗaya, ya riƙa rubuta abin da ya gani. Daga nan malamai biyu su zo har bakin gonar su yi masa tambayoyi, kowa ya ba da makinsa daban. Tun farkon zango an gaya mana abubuwan da za a duba, kuma babu maki ko ɗaya a kan yawan damin da ka ɗaure. Na ji da kunnena. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, wane ɗan manomi ne zai yarda cewa gonar da ta mutu za ta iya cin jarrabawa?

Ni gero na gwada, irinmu na gargajiya da wani mai saurin nuna, rabi a kunya, rabi a tassa, wato 'yan ramukan nan da ake zuba taki a ciki su riƙe ruwa. A wurin fataken da ke zuwa daga Nijar Baba ya fara jin labarinsu. Na yi aiki, Allah shaida ne. Tafin hannuna ya yi kanta, fuskata ta dafe har Inna ta ce in Malam ya gan ni sai ya nemi a canja masa. Sai dai shekara ta biyu ke nan ruwa na yi mana rowa. Bana ya makara, ya zo kamar da gaske, sai da gero ya yi ciki ya ɗauke cak. Kullum hadari ya haɗu ta gabas, mu fito muna kallo, iska ta watsa shi. Ganye ya nannaɗe, ya koma ruwan toka, in ka taɓa sai ya karye. An fita roƙon ruwa har da yara da dabbobi. Rumbun gidanmu kuwa, in Inna ta leƙa har ƙasansa take hangowa.

Ana saura kwanaki kaɗan masu jarrabawa su zo, Goggo Tasalla ta iso daga Tozai. Yayar Baba ce, ita ta yaye ni, kuma a danginmu in ta yi magana an gama. Ta zauna a tabarmar tsakar gida, ta kwance ɗankwali tana fifita da shi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Fadima, na biyo ta gonar taki. Wagga gona za ki nuna ma baƙi? Ko awaki sun raina ta."

"Goggo, ba a kan amfanin gona za a ba da maki ba."

"Ji mini ɗiya! Ana zuwa gona kallon ƙasa? To wanga Malamin naki, mi amfaninai? Ba abokan aikinai na za su zaka ba? Shi buɗe baki mana."

"Ya cire hannunsa, Goggo. Doka ce."

"Doka! Namijin da bai tare miki rana tun kina waje, in kin shiga ɗakinai mi za shi tare miki?"

Inna ta sunkuyar da kai tana tsince wake. Ni kuwa maganar ta shige ni kamar ƙaya. Da la'asar na ɗauki waya na tafi gindin tsamiyar bayan gida, don nan kaɗai muke samun sabis na kirki. Na daɗe ina juya ta a hannu kafin na rubuta wa Malam a kan Dokta Mairama, ɗaya daga cikin masu jarrabawar:

"Malam barka da la'asar. Gona ta ƙone ƙurmus. Don Allah ko za ka ɗan yi wa Dokta Mairama bayani, ta san ba laifina ba ne?"

Ina turawa na so in janye, amma har ya buɗe.

"Fadima, ta san ba ke ke sauko da ruwa ba. Don haka ne ma ba mu ɗora maki a kan girbi ba. Ba a gwada mutum da abin da ba ya hannunsa. Ki gaya musu abin da kika gani da abin da kika fahimta, shi ke nan."

"Kalma ɗaya kawai fa nake roƙo."

"In na faɗi kalma ɗaya, duk makin da kika samu ya zama nawa ba naki ba. Ba zan yi miki wannan ƙwace ba."

Na kashe wayar. Kunya da haushi suka haɗu mini, ban san wanda ya fi wani ba.

Ranar jarrabawa tun da hantsi na shirya. Na sa doguwar rigar atamfa mai ruwan ganye, ƙaramin hijabi fari, takalmin roba na gona, na ɗora malfar Baba a kai. Zan fita ke nan na hangi Goggo a bayan rumbu ta durƙusa, tana ɗaure ƙafafun zabbi da tsumma. Zabbinta ne, na san su. Rashin ruwan nan ya cinye mata awaki da tumaki, su kaɗai suka rage mata, kuma tun daga Tozai aka kawo su a kwando. Gefenta ga ƙwarya cike da ƙwai an lulluɓe da ƙaiƙayi.

Muka haɗa ido. Ta ɗora yatsa a baki.

'Yan uwa, nan ne wurin. Na san ba miya za a yi da su ba. Da na ce "Goggo kada ki yi," ko na kira Baba daga zaure, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma wata zuciya ta ce, ke dai wuce, ba ke kika ɗaure ba, wa ya sani ko ya yi amfani. Na gyara malfa na wuce.

Motar jami'a ta iso kafin rana ta take, don suna so su koma da sauran haske saboda halin da hanya take ciki. Mutum biyu suka sauko. Dokta Mairama, gajeruwa mai tabarau, ta ɗaura ɗamara da mayafinta kamar mai shirin surfe. Sai Farfesa Malami, dattijo mai furfura da babbar riga, wanda duk sashe an san ba ya ƙaunar sabon tsarin nan. Ya sha faɗa a aji cewa jarrabawa a zaure ake yin ta, da takarda da biro da mai sa ido, ba a gona ba kamar gayya.

Rabin Kamarawa sun fito kallo. Mata a bayan dannin gona, maza a inuwar gawo, ga ni tsaye a tsakiyar karan da ya bushe. Ji nake kamar an tuɓe ni a kasuwa.

"Nuna mini inda ya fara mutuwa," in ji Dokta Mairama.

Na yi zaton za ta ce ina geron. Na kai ta gefen tudu na nuna mata. Ta tambayi yaushe na lura, na buɗe littafina na karanto mata, har da ruwan da nake aunawa a gwangwani bayan kowane yayyafi. Ta durƙusa ta tona ramin tassa da hannunta, ta damƙo ƙasar ta murza.

"Me ya sa nan ya fi daɗewa kore?"

Na yi bayani. Ashe na san gonar nan kamar yadda na san ɗakin Inna. Sai Farfesa ya yi gyaran murya.

"Irin nan mai saurin nuna, duk a gangare kika shuka shi, inda ruwa ke kwanciya. Na gargajiya kuma a tudu. To in ya fi shi kyau, iri ne ya yi ko gangare?"

Na dubi gonar, na ga gaskiyarsa ƙiri-ƙiri.

"Ranka shi daɗe, kuskurena ne. Ya kamata in cuɗanya su, kowane iri ya samu tudu ya samu gangare. Yadda na yi, ba za ni iya cewa iri ne ba."

"In manomi ya tare ki gobe ya ce me zai shuka baɗi fa?"

"Za ni ce masa a kan iri ban da tabbas tukuna, damina ɗaya ba ta isa ba. Amma in yana da ƙarfin haƙa tassa, ya haƙa."

Ya dube ni ta saman ido, ya ce, "To, aƙalla kin san iyakar abin da kika sani." Wallahi har wani ɗan murmushi na gani a gefen bakinsa. Suka raba hanya, ita ta tsaya a gindin gawo, shi ya jingina da mota, kowa ya rubuta nasa ya rufe.

Na fara sauke ajiyar zuciya. Baba ya matso suka gaisa, aka kawo fura suka ɗan kurɓa don girmamawa. Direba ya tayar da mota.

Sai kuka ya ɓarke daga bayan motar. Kun san kukan zabo, ba ya ɓoyuwa. Ɗaya ta fara, sauran suka amsa, suna ta bugun ƙarfe da fukafukai. Farfesa ya ce a kashe mota. Direba ya fito yana sosa ƙeya, ya ce wata dattijuwa ce ta ce saƙo ne. Aka buɗe but, ga zabbi a ɗaure, ga ƙwaryar ƙwai.

Kafin kowa ya yi magana Goggo ta ratso mutane, ta sha sabon leshinta na zuwa biki, ta rusuna a gaban Farfesa.

"Ranka shi daɗe, ba yawa. Ku duba ma yarinyar ga, fari na ya cuce ta. Kuma ai ta gida ta, ɗan'uwanku Malam Jibrilla shi za shi aure ta. Ku yi mata don shi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ji wata mata ta ce "Ashe!" a bayan danni. Baba ya tsaya kamar an dasa shi, carbinsa na lilo a hannu. Murmushin nan na bakin Farfesa ya ɓace. Bai ko dubi Goggo ba, wurin Dokta Mairama ya juya.

"Dokta, kin gani da idonki ko? Abin da nake faɗa ke nan tun farko."

Dokta Mairama da kanta ta sauke zabbin, ta ɗauko ƙwaryar da hannu biyu ta miƙa wa Goggo.

"Inna, mun gode, Allah ya saka. Amma mun riga mun rubuta makinmu tun kafin mu ji kukansu, kuma ba ma karɓa. Ki mayar da abinki, shekarar nan ba ta kyauta ba ce."

Sannan ta matso kusa da ni ta rage murya. "Fadima, dole in sa wannan a rahotona. Kin gane?"

Na gyaɗa kai. Hawaye ne kawai ke sauka a kan farin hijabina.

A gida ba wanda ya ci tuwon kirki. Goggo ta zauna tana kwance zabbinta tana faɗa ita kaɗai. "Baƙo shi zaka gidanka shi koma hannu wofi? Mu ba haka munka gada ba." Amma da ta ɗago na ga idonta ya yi ja. Na kasa jin haushinta. Matar nan iyakar abin da ta mallaka ta ɗauko domina. Haushin kaina nake ji.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito. Ƙawata Habi, wadda muke ɗaki ɗaya a makaranta, ita ta turo mini: "Fadima kin ci A!" Ban gama murna ba ta sake turo hoton zauren ajinmu na waya. Wani ya canja hoton zauren ya sa zabuwa. A ƙasa an rubuta, "Zabuwa ta yi ƙwai," ga fuskokin dariya jere kamar tururuwa. Wata ta ce, "Mu da ba mu da Malam sai mu nemi talotalo."

Habi ta shiga tana kare ni. Ta ce su duba, mutum nawa gonarsu ta ƙone kuma suka ci da kyau, ga wanda ya yi nasa a fadama kore shar amma ya tashi da C don ya kasa bayanin komai. Ba wanda ya saurare ta. Makin da na sha rana na samu ya koma abin da ba na iya faɗa a gaban mutane.

Kwana biyu bayan haka Malam Jibrilla ya kira. Tun saƙon nan ba mu yi wata doguwar magana ba. Na ruga gindin tsamiya.

"Farfesa ya kai maganar gaban kwamiti," ya ce. Muryarsa a gajiye take. "Yana so a soke jarrabawar gona, a koma zaure. Jibi za a zauna."

"Malam, ka yafe mana. Goggo ba ta..."

"Kada ki ɗora wa Goggo. Mu ne muka tura malamai ƙofar gidajen mutane, ba mu yi tunanin yadda ake karɓar baƙo a ƙasarmu ba. Da mun aika wa iyaye bayani tun farko, da mun hana motar tsayawa ba kowa a ciki. Tsarin ne da ɓaraka, kuma gara da ta fito yanzu. Ke kuwa ba ki san komai ba, na gaya musu haka. Na ce na san ki."

Na ce na san ki. Kalmomin nan sun fi dariyar 'yan aji yi mini zafi. Na ce, "Allah shi ba da sa'a," na kashe.

Na iske Baba a zaure yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa nesa da shi, na gaya masa duka, har da abin da na gani a bayan rumbu. Bai ɗago ba sai da ya gama ƙullin da yake yi.

"Kin gani, kinka yi shiru?"

"Eh, Baba."

Ya ajiye igiyar.

"Ni ma na ji kukan zabbi da asuba, ban tambaya ba. Abin da anka ɓata a gonata, ba yaron mutane za shi ɗauka ba. Gobe mu biyu za mu tahi. Ni in ba malaman ga haƙuri, ke ki faɗi naki da bakinki. In sun ce a sake miki jarrabawa, a sake."

Baba bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Da safe ya fito cikin farar rigarsa ta Juma'a wadda wuyanta ya fara cinyewa, ya naɗa rawani, Inna ta ƙulla mana ƙuli-ƙuli a leda. Goggo ba ta fito ba, amma na ji ta daga ɗaki tana cewa Allah shi kiyaye hanya. Muka hau babur zuwa Isa. Hagu da dama gonaki ne fari fat, shanu na tsintar kara tun lokacin girbi bai yi ba.

Muna isa tasha sabis ya dawo, waya ta yi ƙara. Malam ne.

"Habi ta ce kuna hanya. Don Allah kada ki wahalar da Baba. Da safen nan na miƙa takardar sauka daga jagorancin kwas ɗin. Shugaban sashe ya ce in wani ya karɓa, za su bar tsarin ya ƙara shekara a gani. Ya fi mini a ce ya rayu ba ni a ciki."

Na karanta, na sake karantawa. Shekarun da ya yi yana gina abin nan, ya miƙa shi saboda zabbin da na gani na kau da kai.

"Mi ya ce?" in ji Baba.

Na so in ce gaisuwa ce. Na karanta masa kalma da kalma. Ya shafa gemu, ya dubi motar Sakkwato da ta kusa cika, kwandasta na ta kiran saura mutum biyu.

"Ga su nan," Baba ya ce da shi. Ya juyo gare ni. "Shiga. Hannu ya rubuta takarda, ba daga sama ta sauko ba."

Na matsu a kujerar baya tsakanin Baba da wata mai buhun kuka. Mota ta fara gangarawa. Na fito da wayar na rubuta:

"Malam, ka ce musu ka san ni. Ba ka gama sanina ba. Na ga lokacin da Goggo ke ɗaure zabbin, na san inda za a kai su, na yi shiru. Gobe haka za ni faɗa a gaban kwamiti."

Na tura. Alama ta nuna ya buɗe. Sai na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, ya sake tsayawa. Na riƙe wayar da hannu biyu kamar mai roƙon ruwa.

Muna wuce gidajen ƙarshe na Isa, sabis ya ɗauke.